Waiwaye: Sawun Sanƙarau Daga Sakkwato Zuwa Gwandu

Sanƙarau ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu, kuma yana da lokacinsa. Daga sanda hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro har zuwa zafin bazara, sai a fara jin yaro ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sandare. Ruwan farko na sauka, cutar ta lafa.

Annobar 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. Rigakafin MenAfriVac da aka soma a Najeriya a 2011 ya karya lagon nau'in A na ƙwayar cutar, har aka ɗauka an rabu da Bukar. Ashe an haifi Habu. Nau'in C ya ɓullo a jihar Sakkwato a 2013, ya shigo Kebbi a 2014, ya addabi Dosso da Yamai a 2015, sannan a 2017 ya yi mummunar ɓarna, musamman a Zamfara, inda a faɗin ƙasa aka rasa fiye da mutum 1,000. Jera waɗannan shekarun a kan taswira, za ka ga cuta ce mai tafiya zango-zango kamar fatake, tana ba maƙwabta shekara guda ko biyu su shirya.

A Maris 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26, 15 daga ciki a Gwandu, sauran a Jega da Aliero da Argungu. Mutanen Kalgo ba su da dalilin sakin jiki, tunda motar da ta taso daga Jega zuwa Birnin Kebbi ta garinsu take bi.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane yake: in mutum 3 cikin 100,000 suka kamu a mako guda, a farga, in sun kai 10, annoba ce. Sai dai lissafin nan daga rajistar asibitin ƙauye yake tasowa. Yaron da aka tsaya da shi a kemis, ko aka yi ta masa turaren iska har ya cika a gida, ba ya shiga ƙidaya, kuma a ganina nan ne muke makara kowace shekara. Najeriya ce ƙasar farko da ta yi amfani da rigakafin Men5CV mai maganin nau'i biyar a 2024, amma idan annoba ta tashi, inda alƙaluma suka nuna ake fara kai shi.