Ciwon daji ba likkafani ba ne, mu riƙe wa ƴar'uwarmu tirenta

Jama'a, akwai maganar da ba ta isowa gare mu a gidan rediyo sai bayan an rufe shiri. Kwanan baya wata matashiya daga karkarar Tama, mai sayar da albasa da kauɗa, wadda ba ta cika shekara 30 ba, ta kira mu a asirce. Likita ya tabbatar mata da sankarar nono. Ba maganar mutuwa ta kawo mana ba. Cewa ta yi: “In na tafi Yamai, wa zai zauna mini a kan kayana, wa zai zuba mini adashi?”

Wannan tambaya ba ta likita ba ce, tamu ce mu ƴan kasuwa da maƙwabta.

Gwamnati ta yi wani abu. Tun 2007 aka yi dokar da ta ce maganin sankarar mata kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma a 2021 aka buɗe sashen ƙona daji da na'ura a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai. To amma daga Tama zuwa Yamai tafiyar sama da kilomita 500 ce, ta Madawa, Ƙonni, Dogonduci da Doso. Doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ba da masauki, ba ta ciyar da yaran da aka bari a gida. Maganin kuma ba na rana ɗaya ba ne. Sau da yawa ana ɗaura ruwan magani duk bayan mako uku har tsawon watanni, ga aikin tiyata, ga laulayi da zubewar gashi. Nan ne jari ke karyewa, mara lafiya ta yanke magani a tsakiya ta dawo gida.

Wasu za su ce ciwo da magani duk na Allah ne. Haka ne, kuma Shi ya umarce mu da neman maganin. Watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da ɓoyo su ne ke bai wa ciwon damar yaɗuwa. Ba kowane kulluttu ne daji ba, amma awo ne kaɗai ke bambancewa. Wadda ta ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ta je likita a makon, kada ta jira a sayar da albasa.

Mu kuma ga namu. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko zama tabarma ɗaya, don haka kada mu guji tirenta. Uwar adashi ta ba ta kwasa kafin layinta ya zo. Maƙwabciyar rumfa ta sayar mata da kaya ta ajiye mata kuɗinta. Shugabannin kasuwannin Madawa, Buza da Keta su ware asusun kuɗin mota. Maigida, gashi zai sake tsirowa bayan magani, amma sakin da aka yi wa mace tana kwance ba ya mantuwa.

An ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Mu dai mun ce na kasuwa ne baki ɗaya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.