Filin Uwargida: Dahuwar Jatan Lande Ba Ta Son Dogon Haƙuri

A wannan mako za mu shiga madafa ne da wani abinci wanda galibinmu ba mu tashi mun tarar da iyayenmu suna dafawa ba, watau ɗanyen jatan lande. Dalili kuwa shi ne, a yau akwai ɗimbin 'yan'uwanmu da aure ko aiki ko fatauci ya zaunar da su a Kurmi, wasu a Agege da Idi-Araba da Obalende cikin Ikko, wasu a Sabo ta Badun, wasu a Bogobiri ta Kalaba, wasu a Fatakwal. Kullum suna gilmawa ta gaban faifan masu sayar da shi, suna sha'awa, amma suna shakka. Har a Kano da Kaduna da Abuja ma yanzu akan same shi a daskare cikin manyan kantuna, da tsadarsa kuwa. Wadda ta daure ta saya, sau da yawa takan dafa shi yadda ta saba dafa naman sa, ya fito da tauri kamar roba, maigida ya taɓa ɗaya ya ture kwano, ita kuma ta rantse ita da shi har abada. Kuɗi sun tafi, ga kunya a gaban baƙi.

Bahaushe ya ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Wannan magana gaskiya ce a zaman duniya, gaskiya ce kuma a tukunyar ganda da ƙafar sa, amma a tukunyar jatan lande dogon haƙuri shi ne ɓarna. Dahuwarsa ta 'yan mintoci ce, kuma duk wadda ta riƙe wannan ta riƙe rabin karatunmu na yau. Sauran rabin shi ne sanin mai kyau tun daga kasuwa.

Da farko bari mu san baƙon namu. Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kilomita 853, tun daga Badagiri har zuwa bakin Kogin Kuros, kuma daga wannan ruwa ne ake kama mafi yawan jatan landen da muke gani. Akwai ƙanana ƙwarai waɗanda ake busarwa a wurare irin su Oron a Jihar Akwa Ibom, su ne kirafish ɗin da muke dakawa muna zubawa a miya, ashe mun daɗe muna cin ɗan'uwansa ba mu sani ba. Akwai matsakaita waɗanda jiragen kamun kifi ke janyowa da koma, a daskarar da su, har a fitar da su ƙasashen Turai. Akwai kuma wani babba mai zane-zane a baya, wanda asalinsa daga tekunan Asiya yake, masunta suka fara cin karo da shi a ruwanmu wajen ƙarshen shekarun 1990, yakan kuma wuce tsawon tafin hannu. Sannan akwai na ruwan daɗi mai dogayen hannuwa, wanda ake samu a kasuwar kifi ta Epe, har ma a Kogin Kwara da na Binuwai.

Wasu kan tambaya ko ya halatta a ci. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, sun halatta abin da ke rayuwa a cikin ruwa, kuma ba ya bukatar yanka. Wadda kuma ke ƙyamar siffarsa, to ta tuna da fara da muke soyawa da yaji muna ci da marmari. Masana halittu sun sa fara da jatan lande cikin babban dangi guda, na masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi.

To, uwargida, idan kin je kasuwa, hancinki shi ne alƙali. Jatan lande mai kyau ƙanshin ruwan teku yake yi, ɗan ƙarni kaɗan ba mai hawa kai ba. Idan kika ji yana tashin zarni irin na fitsari, ki ajiye shi ki yi gaba ko da kyauta aka ba ki, domin araha ba ta ado. Ki taɓa shi ki ji naman da ƙarfi, ɓawon yana sheƙi, ba ya yauƙi a hannu. Ki duba kan: idan yana manne da jiki sosai, sabo ne, idan yana lilo zai cire, ko kuwa ya yi baƙi-baƙi a wuya da ƙafafu, ya kwana biyu. Abin da ya sa kai ke fara lalacewa shi ne, zuciyar jatan lande da tumbinsa da mafi yawan kayan cikinsa a cikin kan suke, kuma ruwan da ke narkar masa da abinci shi ne ke juyowa ya fara narkar da namansa bayan ya mutu. Saboda haka idan ba a ranar za ki dafa ba, ki cire kawunan tun kina isa gida.

Ki saya a wurin wanda ya shimfiɗa shi a kan ƙanƙara, kuma ya zama shi ne cefanenki na ƙarshe, don kada ya sha yawon kasuwa cikin leda a rana. Ɗanye ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu a firji. Idan kuwa daskararre ne, ki duba ledar: in kika ga duk sun dunƙule wuri guda cikin ƙaton curin ƙanƙara, alama ce ya narke an sake daskarar da shi, abin da yakan faru a inda ake yawan ɗauke wuta. Wajen narkar da shi, ki sa shi cikin ruwan sanyi kamar minti 15 zuwa 20, ko ya kwana a firji. Kada ki shanya shi a rana, kada kuma ki zuba masa ruwan zafi.

Gyaransa ba wuya. Ki wanke shi da ruwa mai tsabta, ki datse dogon gashin bakin da almakashi. A gadon bayansa akwai wani baƙin zare, wannan hanjinsa ne. A ƙanana ba ya damun kowa, amma a manya yakan riƙe yashi ya yi gargasa a haƙori. Ki ɗan tsaga bayan da bakin wuƙa, ki zare shi da tsinken sakace. Shawarata ita ce ki bar ɓawon a jiki ki dafa da shi, domin yana kare naman daga zafin ruwa, yana kuma riƙe zaƙinsa. Da zarar kin gama, ki wanke wuƙa da faranti da hannuwanki da sabulu kafin ki taɓa tumatir ko latas ko wani abin da za a ci ɗanye.

Yanzu ga dahuwar kanta. Ga rabin kilo na jatan lande, ki ɗora ruwa lita biyu a tukunya mai faɗi. Kada ki yi rowar ruwa, domin in ya yi kaɗan, sanyin jatan landen zai kashe tafasar, ki rasa lissafin lokaci. Ki zuba gishiri babban cokali biyu, ruwan ya ji gishiri fiye da yadda kike sa wa miya, tun da yake zaman da zai yi a ciki ɗan kaɗan ne. Ki yanka albasa ɗaya gida huɗu, ki daddaƙa ɗanyar citta da tafarnuwa, ki jefa masoro da kanumfari 'yan ƙwayoyi, da kimba ɗaya, da attarugu in kina son yaji, sannan ki matse lemun tsami. Ki rufe, ki bar waɗannan su tafasa su kaɗai har minti goma. A nan ne ake yin haƙurin. Ruwan ne ake dafawa ya nuna, jatan landen wanka kawai zai yi a ciki.

Kafin ki zuba shi, ki tanadi kwando ko gwagwa, da roba cike da ruwan ƙanƙara a kusa da ke. Ki sallami mai sallama, ki ajiye waya, ki ba wani riƙon yaro, domin daga nan ba a barin bakin murhu. Sa'an nan ki zuba shi gaba ɗaya cikin ruwan yana tsakar tafasa, ki juya sau ɗaya, ki dubi agogo. Ƙanana minti ɗaya zuwa biyu sun ishe su. Matsakaita minti biyu zuwa uku. Manyan nan masu zane, minti huɗu zuwa biyar.

Ko babu agogo, jatan lande da kansa zai gaya miki ya nuna, ta hanya uku. Ta farko launi: yana shiga ruwan toka-toka, sai ki ga ya rikiɗe ya koma ja-ja mai ruwan goro. Wannan jan launi dama yana cikin ɓawon, wani sinadari ne ya lulluɓe shi, zafi kuma ya kware lulluɓin. Ta biyu nama: ki ɗauki mafi girma ki yanka ta wajen kauri, in ya yi fari fat har ciki, babu sauran wurin da ke ɗaukar ido kamar gilashi, ya dahu. Ta uku siffa: idan ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ki sauke, idan ya naɗe kai ya haɗu da wutsiya kamar zobe, kin makara. Naman jatan lande ba shi da jijiya da kitse irin na dabba da dogon wuta ke narkarwa, saboda haka ƙarin wuta ba ya ƙara masa laushi, sai dai ya matse shi ya fitar da ruwan jikinsa.

Kina saukewa ki tsame shi, ki tsoma cikin ruwan ƙanƙarar nan kamar minti ɗaya, domin zafin da ya ɗauka yana ci gaba da dafa shi ko bayan ya bar wuta. In kuwa da ɗuminsa za a ci, ki baza shi a faffaɗan tire ya sha iska, kada ki tara shi a kwano ki rufe. Ki ɓare, ki barbaɗa yajin ƙuli, ki matsa lemun tsami. Yana tafiya da dafa-duka, da dafaffiyar doya, da kwaɗon zogale. In a miya za ki sa, sai kin sauke miyar ki zuba shi. Kawuna da ɓawon kuwa kada ki zubar, ki mayar da su cikin ruwan dahuwar su tafasa minti 20, ki tace, ki ƙara ruwa saboda gishiri, kin sami romon dafa shinkafa.

Amma fa kada jin an ce ba a daɗewa ya sa wata ta sauke shi bai nuna ba. Ɗanyen abincin teku yakan ɗauko ƙwayoyin cuta 'yan dangin waɗanda ke kawo kwalara, masu sa amai da gudawa, kuma dahuwa sosai ce ke kashe su. Lemun tsami da yaji ba sa kashe su. Haka nan dahuwa ba ta gyara ruɓaɓɓe. Bayan an dafa, kada ya wuce awa biyu a waje, in kuwa lokacin bazara ne da zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. A firji mai sanyi yakan kai kwana uku. Wadda ba ta da tabbacin wuta, ta sayi daidai cin yini ɗaya.

Akwai kuma mutanen da jininsu bai karɓi jatan lande ba sam. Suna ci sai borin jini, ko leɓe da fuska su kumbura, wani ma numfashinsa ya sarƙe. Wannan ba abin jiƙa saiwa ba ne, a garzaya asibiti nan take, domin yana iya kisa. Wanda fara ko kirafish ke tayar masa da ƙaiƙayi ya yi hattara, tun da dangi ɗaya ne. Saboda haka ki tambayi baƙonki kafin ki zuba masa, yaro kuma a fara ba shi ɗan kaɗan a gani. Rigakafi ya fi magani.

Ga wanda ya karɓe shi kuwa, abinci ne mai amfani, mai yawan sinadarin gina jiki da ƙarancin kitse, ga shi ba ya cin itace ko gas. Ki fara gwadawa da rubu'in kilo, idonki a kan tukunya, kafin ranar da za ki yi wa baƙi. Waɗanda suka gwada muna jiran wasiƙunsu, mu ji yadda aka kwashe da maigida. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.