Ƙwayar Tazarar Haihuwa Da Zargin Juyanci: A Yi Wa Mata Adalci

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zauruka da gidajen biki, wai duk macen da ta sha ƙwayar hana ɗaukar ciki ta ƙona mahaifarta, ko ta daina ba za ta ƙara haihuwa ba. Maganar ta samu gindin zama har ana yanke hukunci da ita. Mace za ta yi shekara biyu tana shan ƙwayar da sanin mijinta domin ta yaye ɗanta cikin natsuwa, ta daina, a yi wata huɗu ko biyar shiru, sai habaici ya fara fitowa daga dangin miji. Daga habaici a koma zargi, wani lokaci kuma zargin ya ƙare da takardar saki. Tunda al'amarin ya shafi aure da zuriya da mutuncin Musulma, ya wajaba mu tsaya mu bincika ko maganar gaskiya ce.

Addininmu ya hore mu da mayar da kowace tambaya ga ma'abota saninta, kuma ma'abota sanin jikin ɗan Adam su ne likitoci. Tun shekarar 1960 da aka amince da wannan ƙwaya a Amurka, miliyoyin mata sun sha ta a faɗin duniya, an kuma bibiyi abin da ke biyo bayan daina ta. Aikinta shi ne ta hana ƙwan mace fitowa a kowane wata, ta kuma kaurara ruwan bakin mahaifa yadda maniyyi zai sha wuyar wucewa. Sinadaran da ke cikinta ba sa taruwa a jiki. Cikin 'yan kwanaki jiki ke fitar da su. Wannan ne dalilin da ya sa ake shan ta kullum, kuma mantuwar kwana biyu ko uku kan isa a samu ciki. Maganin da tsallake shi na kwana uku ke karya ƙarfinsa, ta yaya zai rufe mahaifa har abada?

Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kimanin mata 80 cikin 100 da suka daina ƙwayar suna samun ciki cikin shekara guda, adadin da ya yi kusa da na waɗanda ba su taɓa shan ta ba. Tsawon shekarun da mace ta yi tana sha bai sauya wannan lissafi ba. Mafi yawa jinin al'adarsu kan daidaita cikin wata ɗaya zuwa uku. Ya kamata kuma a sani cewa ko ma'aurata matasa masu cikakkiyar lafiya, damar samun ciki a wata guda ba ta wuce kusan ɗaya cikin huɗu ba. Saboda haka shirun wata biyar ko shida abu ne da aka saba gani ko a gidan da ba a taɓa jin sunan ƙwaya ba.

Wannan bayani yana ɗauke da gargaɗi ga wani ɓangaren. Ƙwai na iya fitowa makonni biyu kacal bayan ƙwayar ƙarshe, mace ta ɗauki ciki tun kafin ta ga al'adarta ta farko. Matar da ta daina sha saboda ciwon kai ko tashin zuciya, tana zaton tana da sauran watanni na kariya, tana iya wayar gari da ciki alhali ɗanta bai zauna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, lissafin da ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da aka ambata a aya ta 233 ta Suratul Baƙara. Kakanninmu ma sun san illar kwanika tun kafin zuwan asibiti. Duk wadda ƙwaya ba ta karɓe ta ba, ta koma wurin ma'aikaciyar lafiya a sauya mata wata hanya kafin ta ajiye.

Muna ganin wani ɓangare na ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa ƙwaya da allurar wata uku a ma'auni ɗaya. Ita allurar tana da jinkiri na gaske: a matsakaici mace kan kai kusan wata goma daga allurar ƙarshe kafin ta samu ciki, wasu har su haura shekara. Jinkiri ne mai wucewa, amma matar da ba a yi mata bayani ba dole hankalinta ya tashi. A nan akwai nauyi a kan ma'aikatan lafiya da masu kemis da ke miƙa magani ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba. Wadda ke son hutun shekara guda kawai tana da haƙƙin a gaya mata wannan tun ranar farko.

To, idan shekara ta cika babu labari fa? A nan ne likitoci ke cewa a zo a yi bincike, idan kuma matar ta haura shekara 35, bayan wata shida. Dalilan da aka fi samu sanannu ne. Akwai shekaru, domin wadda ta fara shan ƙwaya tana da 30 ta daina tana da 38, shekarun ne suka rage mata dama. Akwai toshewar hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sakamakon cututtukan da ba a magance da wuri ba, waɗanda wasunsu ta wurin miji suke shigowa. Akwai rikicewar al'ada da mace ke da ita tun asali, ƙwayar ta lulluɓe ta na ɗan lokaci, da aka daina ta sake bayyana. Sannan akwai abin da ba a son faɗa a majalisar maza: kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha, amma sai a bar mace tana zarya tsakanin asibiti da masu maganin gargajiya shekara da shekaru, maigida bai taɓa miƙa kansa ba. Haihuwar da ya yi a baya ma ba hujja ba ce, domin lafiyar namiji tana sauyawa kamar ta kowa.

Ta fuskar Shari'a, malamai sun gina hukuncin tazara a kan azalu, wato zubar da maniyyi a waje. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (RA) cewa Sahabbai sun aikata shi a zamanin da ake saukar da wahayi. Imam Malik ya shar'anta izinin matar, domin ita ma tana da haƙƙi a cikin zuriya. A watan Disamba na 1988, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar OIC ta zauna a Kuwait ta yanke cewa ya halatta ma'aurata su jinkirta ciki na wani lokaci bisa shawara da yardar juna, matuƙar babu cutarwa kuma hanyar halal ce, ta kuma haramta kashe ƙarfin haihuwa gaba ɗaya sai da larura. Ashe ke nan hukuncin ya rataya ne a kan ko hanyar mai wucewa ce ko mai ɗorewa, kuma likitanci ya tabbatar da cewa ƙwaya tana cikin masu wucewa. Mun san akwai malaman da ke ƙyamar tazara saboda kwaɗaitarwar da aka yi a kan yawan zuriya, kuma muna girmama ra'ayinsu. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a kafa fatawa a kan bayanin lafiya da bai inganta ba.

Sharaɗin yardar juna ya hau kan kowa. Matar da ke shan ƙwaya a ɓoye ta tauye haƙƙin mijinta, ta kuma buɗe ƙofar zargin da zai yi wuyar rufuwa. Mijin da ya amince da bakinsa, ko ma shi ya kawo shawarar, sannan ya yi shiru ana jifan matarsa da juyanci a gabansa, ya ci amana. Mu tuna Uwar Muminai A'isha (RA) ba ta haihu ba, hakan kuma bai rage mata daraja a wurin Manzon Allah (SAW) ba. Ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura sun tabbatar da cewa bayar da 'ya'ya da hana su duka a hannun Allah suke.

Kiranmu ga malamai da masu wa'azi shi ne su zauna da likitoci Musulmi kafin su hau mumbari da wannan mas'ala. Malaman Islamiyyun matan aure su shigar da ita cikin darasin haila da biƙi, inda mata suka fi sakin jiki su yi tambaya. Matar da ke shirin ajiye ƙwaya domin neman ciki ta fara shan folik asid tun kafin cikin ya shiga, domin yana kare jariri daga wasu nakasu na ƙashin baya da ƙwaƙwalwa. Iyayen miji kuma su ji tsoron Allah a kan 'yar mutane da aka ba su amana. Idan shekara ta zagayo shiru, miji ya ɗauki matarsa su tafi asibiti tare, a fara gwajin da shi, su haɗa da addu'a kamar yadda Annabi Zakariyya (AS) ya yi.

Allah Ya azurta masu nema da zuriya ɗayyiba, Ya shirya mana waɗanda Ya ba mu. Amin.