Anya Gani Ya Kori Ji? Darasi Daga Hoton Tarwaɗa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To amma a zamanin wayar salula, wannan magana tana bukatar gyara. Sau nawa aka turo maka hoton tarwaɗa da ta fi masuncinta girma, aka ce a nan kusa aka kama ta? A Illela a ce daga Tafkin Kalmalo ne, a Birnin Ƙonni a ambaci wani ruwan dabam, alhali hoton guda ne. A ganina, ɗalibin kimiyya bai da uzurin gaskata irin wannan kafin ya bincika.

Ya kai ɗalibi, fara da ƙidayar gashin baki. Tarwaɗarmu tana da guda 8, ƙayar bayanta kuma ta miƙe kusan har wutsiya. Babbar tarwaɗar Turai, irin wadda aka kama a kogin Po na Italiya a 2023 mai tsawon santimita 285, gashin bakinta 6 ne, ƙayar bayanta kuwa 'yar mitsitsiya. Ta kogin Mekong, wadda ɗaya daga cikinsu ta kai kilo 293 a Tailan a 2005, idanunta ƙasa-ƙasa suke, kuma in ta girma da kyar ake ganin gashin bakinta. In kuwa kifin yana da ɓawo a jiki, to ba tarwaɗa ba ce ma. Mai yiwuwa giwan ruwa ne.

Sannan dubi hannun mai riƙon. Abin da ke kusa da kyamara kan yi girma, kamar yadda babban yatsanka ke rufe wata in ka kusanto da shi ido. In yatsun masunci sun kusa kai girman fuskarsa, to miƙo kifin ya yi.

Wani zai ce raha ce kawai. Amma ko a gasar kamun kifi ta Argungu, a 2008 an ƙwace kambi daga wanda ya zo na ɗaya, bayan an gano cewa mataccen kifi aka shigo da shi daga wani wuri. Bincike ne ya tona asirin.

Malamai, ku kawo busasshiyar tarwaɗa da ma'auni cikin aji. Ɗalibai su ɗauki hotonta daga kusa da kuma daga nesa, su gwama. Yaron da ya koyi tuhumar hoton kifi, ba zai yi saurin yarda da hoton da aka ƙaga don tada fitina ba.