Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba, Amma Kuma Ba Kabari Ba Ne

Wata biyu kafin rasuwar kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, na ajiye wayata a gefen tabarmarta na ce, "Hajiya, labarin gidanku nake so." Ta yi dariya ta ce, "Kai maigida, aikin jaridar naka har kaina ya zo?" Can ta saki jiki. Ta ba ni labarin aurenta na fari, da 'ya'yanta biyu da ƙyanda ta ɗauke a bazara guda. Daga nan ta sassauta murya, ta ce kakarta ba 'yar garinmu ba ce. Kamo ta aka yi a wani hari tana yarinya, aka sayar da ita, har ta koma ga Allah ba ta sake ganin danginta ba. Ta ce in na ga dama in rubuta, amma bayan ranta.

Da labari ya kai kunnen kawuna sai ya kira ni. Ya ce, "Ka goge abin nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. So kake a daina zuwa neman auren ƙannenka?" Na ce, "Kawu, a yi mini afuwa." Ban goge ba, kuma ina ganin shi ne bai yi daidai ba, duk da girmansa a wurina.

Mun ɗauki kalmar rufin asiri mun ɗora mata kayan da ba nata ba. Asalinta kyakkyawa ce: kada ka tozarta ɗan'uwanka, kada ka yi tallar laifin da Allah Ya suturta. Amma yau ta zama bargon da muke lulluɓe duk abin da ya taɓa yi mana ciwo: talauci, saki, rashin haihuwa, faɗuwa jarrabawa, taɓin hankali, bauta. Wanne ne zunubi a cikinsu? Yarinyar da aka fizge daga gaban iyayenta, wane laifi ta yi da jikokinta za su ji kunyar ambatonta? Sai a 1936 Turawan mulkin mallaka suka kammala soke bauta a dokance a Arewacin Najeriya. Ke nan zancen na jiya-jiya ne, kuma gidaje da yawa suna da irinsa, ko ta wajen mai saye ko ta wajen wanda aka saya. Duk mun yi gum.

Dubi abin da muka samu a 'yan lokutan da wani ya buɗe baki. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa da ake kira Baba ta zauna da Baturiya Mary Smith ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. An haife ta a wajajen 1877, ta ga zamanin hare-hare da rinji, ta ga zuwan Nasara. Ta faɗi aurenta huɗu, ta faɗi cewa Allah bai ba ta haihuwa ba, ta yi zancen kishi da ƙawance da bori da riƙon 'ya'yan dangi. Ta rasu a 1951, littafin *Baba of Karo* ya fito da Turanci a 1954. Har gobe duk mai son sanin yadda macen Bahaushe ta rayu kafin Turawa da bayan zuwansu, sai ya bi ta ƙofarta. Da kawuna ne ɗan riƙon Baba, da ya hana ta magana.

Kafin ita akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka bautar, daga baya aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Turai a 1855. A Ingila ya ba J. F. Schön labarinsa, wanda ya shiga littafin *Magana Hausa* na 1885. Bai ɓoye yadda aka raba shi da iyayensa ba. Abin lura shi ne, su biyun nan baƙo ne ya tambaye su, baƙo ne ya rubuta. Mu da muke cikin gida ba mu ga abin tambaya ba.

Manyanmu sun rubuta nasu. Sardauna Ahmadu Bello ya fitar da *My Life* a 1962, Shehu Shagari ya fitar da *Beckoned to Serve* a 2001. Abubakar Imam, wanda ya ba mu *Magana Jari Ce*, tarihin rayuwarsa da Turanci ya fito a 1989, bayan rasuwarsa. Littattafai ne masu daraja, sai dai na shugabanni ne, kuma da harshen da yawancin iyayenmu ba sa karantawa. Abin da ya biyo baya shi ya fi damuna. Na halarci bukukuwan ƙaddamar da littattafan tarihin manya ba sau ɗaya ba, a matsayin ɗan rahoto. Za ka karanta shafi ɗari uku ba ka tarar da ranar da mutumin ya yi kuskure, ko ya ji tsoro, ko ya ci bashi ba. Tun yana zanin goyo alamun shugabanci suka bayyana a goshinsa. Wannan kirari ne aka yi wa bango mai kauri. Maroƙi ma ya fi shi gaskiya, don shi bai ce tarihi yake rubutawa ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce addini ya hana mutum ya kwana Allah Ya rufa masa asiri, gari ya waye ya tona wa kansa. Haka ne, kuma ban kira kowa ya yi alfahari da saɓo ba. Hanin yana kan tallar zunubi, bai shafi ba da labarin jarrabawar rayuwa ba. Za a ce a dubi Facebook da TikTok, inda ake baje sirrin aure don tara mabiya. Wannan ma gaskiya ne, abin ƙyama ne kuma. Amma mai yin haka kasuwa yake ci, kuma sau da yawa asirin wani yake sayarwa. Ɓarnarsa ba hujja ba ce ta rufe bakin tsohuwar da ke son jikokinta su san daga ina suka fito.

Hujjar kawuna ce kaɗai ta tsaya mini a rai, domin labarina ba nawa ni kaɗai ba ne, akwai ƙannena a ciki. Shi ya sa na gindaya wa kaina sharuɗɗa. In bambanta abin da na gani da abin da aka gaya mini, tunda tunani yana yaudara. In nemi izinin wanda abin ya shafa, in kuma sakaya sunan wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Kada in wanke kaina in shafa wa wasu baƙin tukunya. Da na tambayi ƙannena mata, babbar cewa ta yi, duk wanda zai fasa aurenta saboda wannan, gara ya fasa tun yanzu.

Shirun nan yana da farashi, kuma yara ke biya. Matashin da ya faɗi jarrabawa yana zaton shi ne na farko a gidansu, alhali mahaifinsa sau biyu ya faɗi. Amaryar da ta yi ɓari tana kuka ita kaɗai, ba ta san uwarta ta sha irinsa ba. Mun gaje su da suna da gona, mun hana su abin da zai ƙarfafa musu zuciya.

Don haka, mai karatu, in kana da tsoho ko tsohuwa a gida, wayar da ke hannunka ta isa. Kada ka fara da tambayar sarauta da asali. Tambaye ta abin da suka ci a shekarar fari ta 1973, da wanda ya yi mata kitson aure, da ranar da ta fi jin tsoro. Sannan kai ma ka rubuta naka, da Hausa, har da wuraren da ba ka fito da kyau ba.

Muryar Hajiya minti arba'in da bakwai ce. Ranar da muka yi sadakar shekara, kawuna ya ja ni gefe ya ce in tura masa.