RA'AYINMU: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Ya zama al'ada a ƙasar nan, da zarar mutum ya taka wani matsayi, sai a fara raɗe-raɗin cewa ya sayi gida a Landan ko a Dubai. Ba zama zai yi a can ba, ba kuma aiki ya samu ba. Gidan na nan a rufe sai ran da ya leƙa hutu ko ganin likita. Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne, burin ya fara shiga zukatan ɗalibai da ƙananan ma'aikata, har wasunmu na auna cin nasarar rayuwa da shi. Ya kamata mu dubi lamarin da idon basira tun kafin ya zama mana jiki.

Da farko, mene ne mai saye yake samu? A Ingila doka ba ta hana baƙo sayen gida ba, amma mallakar gida ba ta ba shi izinin zama ko na kwana ɗaya. Sai ya nemi biza kamar kowa, ana kuma iya hana shi. Hanyar da masu kuɗi suka saba bi, wato bizar masu zuba jari, an rufe ta a watan Fabrairun 2022. Bayan haka, galibin gidajen da ke cikin benaye a Landan ba sayen dindindin ake yi musu ba. Doguwar haya ce ta shekara 99 ko 125 ko fiye, ƙasar kuwa tana hannun mai ita, ga kuɗin kula da gini da ake biya duk shekara, ko da mai gidan bai taka ƙofarsa ba.

Sai haraji. Tun daga watan Afrilun 2021, wanda ba mazaunin ƙasar ba ne yana biyan ƙarin kashi 2 cikin 100 a kan harajin sayen gida. In yana da wani gida mai daraja ko a ina ne a duniya, ko da a Kano ne ko a Abuja, akwai wani ƙarin, wanda aka ɗaga zuwa kashi 5 cikin 100 a ƙarshen Oktoban 2024. Mu ɗauki gida na fam 500,000. Waɗannan ƙari biyu kaɗai sun kai fam 35,000. A ƙarshen 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000, ke nan ƙarin ya zarce naira miliyan 70. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a shekarar, sai ya yi wata 1,000, fiye da shekara 83, bai ci ko kwabo ba, kafin ya tara wannan kuɗi. Alhali ba a taɓo kuɗin gidan ba tukuna.

Ran da mai gidan ya sayar, za a karɓi haraji a kan ribarsa, dokar da ta shafi baƙi tun 2015. Ran da ya rasu, gwamnatin can na iya ɗaukar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000. In kuma bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar Ingila ce za ta raba gidan, ba ruwanta da rabon gado irin na Musulunci ko na al'adarmu. Magada sai su ɗauki lauya a can, su biya shi da fam.

Dubai ta buɗe wa baƙi wasu unguwanni tun 2002, tana kuma ba da izinin zama na shekara 10 ga wanda ya sayi gida na dirhami miliyan 2. Amma a tuna, tsakanin 2008 da 2009 farashin gidaje a can ya faɗi da wajen rabi, gine-gine da yawa da mutane suka biya tun suna kan takarda suka tsaya cik. A tuna kuma, daga 2022 zuwa tsakiyar 2024 ƙasar ta daina ba 'yan Nijeriya sabuwar biza. Wanda ke da gida ba shi da takardar zama, sai hange daga nesa.

Wasu ƙasashen ma ƙofa suke rufewa. Kanada ta hana baƙi sayen gidajen zama daga farkon 2023. Fotugal ta daina ba da izinin zama saboda sayen gida a wannan shekara, Sipaniya ta bi sahu a 2025, Ostareliya kuma ta dakatar da sayar wa baƙi tsofaffin gidaje a shekarar. Dalilinsu ɗaya ne: kuɗin baƙi na tsauwala farashi har 'ya'yansu sun kasa samun wurin zama. Su suna kishin matasansu. Mu wa ke kishin namu?

A nan ne babbar tambaya take: daga ina kuɗin ke fitowa? Ba mu da ja da ɗan kasuwar da ya nemi halaliyarsa, ya biya haraji, ya ga dama ya ajiye wani abu a waje don gudun faɗuwar naira. Damuwarmu tana kan masu riƙe da amanar jama'a. A 2012 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon gwamnan Jihar Delta, James Ibori, shekara 13, bayan ya amsa laifin halatta kuɗin haram. Cikin abin da ya saya har da gida a unguwar Hampstead. A 2020 cibiyar bincike ta Carnegie ta ba da rahoton gidaje wajen 800 a Dubai masu alaƙa da 'yan siyasar Nijeriya da makusantansu, darajarsu ta haura dala miliyan 400. Albashin wace kujera ce zai sayi wannan? Kowace naira da aka canza don irin wannan ciniki tana ƙara wa dala tsada a kasuwa, magini da kafinta da mai buga bulo na gida kuma su rasa aiki. Ƙaramin ma'aikaci kuwa ana yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa don Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, da yawa har su yi ritaya suna gidan haya.

Saboda haka muna kira da abu uku. Na ɗaya, takardun bayyana kadara da tsarin mulki na 1999 ya wajabta wa ma'aikata su miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, a buɗe na manya ga jama'a, kowa ya gani. Na biyu, hukumar ta riƙa gwada su da rajistar da Ingila ta buɗe a watan Agustan 2022, wadda ta tilasta wa kamfanonin waje masu gidaje a can su faɗi ainihin masu su. Rajistar a buɗe take, ba a biyan ko sisi. Na uku, mai kuɗin halal da ya nace sai ya saya, ya ɗauki lauyansa na kansa dabam da na mai sayarwa, ya tambayi shekarun da suka rage a hayar, ya lissafa haraji tun daga saye har zuwa gado, ya kuma rubuta wasiyya.

Mu ɗalibai, gobe fayil ɗin kwangila zai biyo ta teburinmu, za a kuma nuna mana hoton bene a bakin teku. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu yanke shawara tun yau cewa ba za mu gina wa kanmu mafaka a ƙasar wasu da kuɗin asibiti da makarantun ƙasarmu ba. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.