Gigin Tsufa Ciwo Ne: A Taimaki Masu Jinya

A wata damina, ana tsakiyar maimai, wani baffana da ke zaune a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Bakori ya saɓa fartanyarsa bayan sallar asuba ya fita. Har azahar babu wanda ya gan shi. Sai wajen la'asar wasu yara masu kiwo suka tarar da shi a gindin wata ɗorawa, a bakin gonar da ya sayar shekara 20 da suka wuce, wai yana jiran ƙanensa, wato mahaifina, su yi wa auduga noma, alhali kuwa mahaifin nawa ya daɗe da rasuwa. Da aka komo da shi gida na durƙusa na ce, "Baffa, ina gajiya?" Ya dube ni da fara'a ya ce, "Samari, daga wane gari?" Wannan fa shi ne mutumin da a da yakan lissafa kuɗin audugar ƙauye guda da ka a ranar awo.

Nan da nan kowa ya kawo nasa fassarar. Wasu suka ce tsufa ne kawai, wasu suka ce iska ce, wasu kuma suka ce sammu ne, har aka fara kallon matar ɗansa, wadda ita ce ke ba shi abinci, take kuma wanke masa tufafi. Da tsohuwa ce ta fara sambatu haka, mai yiwuwa da an kira ta mayya. Ra'ayina shi ne, abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma tun da har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, babban asibitinsa shi ne gidajenmu, manyan ma'aikatansa kuwa su ne matan da ke jinya. Su ya kamata hukuma da jama'a su fara taimaka wa.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda ke aika wa juna saƙo dare da rana. A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya ba da bayanin wata mata da aka kawo asibitin da yake aiki a Frankfurt tana da shekara 51, tana fama da mantuwa da zargin mijinta. Bayan ta rasu ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, sai ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin, da wasu zare-zare a cukurkuɗe a cikinsu. A yau an san cewa nau'o'in furotin ne guda biyu, amiloyid da tau, waɗanda kan taru har ƙwayoyin su mutu.

Ɓarnar takan fara ne daga sashen da masana ke kira hifokamfas, wanda aikinsa shi ne shigar da sabon abu cikin ajiya. Mai karatu ya ɗauke shi kamar bakin rumbu. Idan bakin ya toshe, hatsin da aka zuba tun da daɗewa yana nan, amma na bana ba shi da hanyar shiga. Shi ya sa Baffa ya tuna gonar ƙuruciyarsa, ya manta ya ci tuwo ɗazu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan, wato cutar Alzheimer, ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu gigin tsufa. Wani nau'in kuma daga hanyoyin jini yake zuwa: hawan jini da ciwon suga su lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, wani lokaci bayan shanyewar ɓarin jiki.

Tsufa kaɗai ba ya kawo wannan. Ga dattawa nan 'yan shekara 90 suna raba gardamar iyakar gona ba tare da kuskure ba. Manta inda aka ajiye carbi ba ciwo ba ne. Amma wanda ya ɓace a hanyar masallacin unguwarsu, ko ya kasa gane kuɗi, ko ya maimaita tambaya ɗaya sau goma, to a bincika.

Yawan masu ciwon

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarancin arziki da matsakaita. A Nijeriya, binciken da jami'ar Ibadan da ta Indiyana a Amurka suka fara a 1992 ya sami ciwon ga kimanin mutum 2 cikin 100 na Yarabawan Ibadan masu shekara 65 zuwa sama, alhali ga baƙaƙen fatan birnin Indiyanafolis ya kai 8 cikin 100. Kusa da mu, binciken da likitoci suka yi a Zariya, wanda aka buga a 2011, ya sami kusan 3 cikin 100. Kada ƙanƙantar adadin nan ta ruɗe mu. Duk ƙauyen da ke da tsofaffi 100, akwai gida biyu ko uku da ba a barci sosai, kuma yawan tsofaffi ƙaruwa yake yi.

Me ya sa ƙasar noma ta fi bukatar kulawa?

A da, gandu shi ke riƙe tsoho: 'ya'ya da jikoki suna gida ɗaya, akwai idanu da yawa. Yanzu gandu ya watse a wurare da dama, samari sun tafi Kaduna da Abuja da Legas neman kuɗi. Daga shuka zuwa kaka, sauran mazan suna gonakin masara da dawa da waken suya, sai a bar tsoho da mace guda mai goyo da girki. A gidan kuwa ga rijiya, ga murhu, ga maganin feshi da aka ɗura a robar lemo. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga na shekarun baya a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara sun kori iyalai da yawa zuwa garuruwa irin su Funtuwa. Mai wannan ciwo da sabo yake rayuwa. Idan aka raba shi da ɗakinsa da zaurensa, ruɗewarsa sai ta ƙaru. Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika faɗa ba, wato a lallaɓi tsohon da ba ya cikin hayyacinsa ya dangwala hannu a takardar sayar da gona.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara gane ciwon. Baffa an kai shi wani asibiti, aka ba shi maganin zazzaɓi aka sallame shi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar da ke nuna wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba yadda zai yi wannan aiki da 'yan tambayoyi kaɗan. Amfanin gwajin yana da yawa, domin wasu abubuwa kan yi kama da gigin tsufa amma suna warkewa, alal misali ƙarancin bitamin B12, da raunin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, da ciwon damuwa, da taruwar jini a ka bayan faɗuwa daga babur. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara, a gaggauta zuwa asibiti. Wanda abinsa ya yi wuya sai a tura shi babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, daga nan zuwa asibitin koyarwa na Shika.

Na biyu, rigakafi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya gyarawa suna da hannu a kimanin kashi 45 cikin 100 na masu ciwon a duniya. A cikinsu akwai hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da raunin ji da na gani, da bugun kai, da rashin ilimi tun ƙuruciya, da kaɗaici. Manomin da ke auna buhunsa a kasuwar Dandume, me zai hana a auna masa jini a rumfa guda a wannan kasuwa? Hular kwano ga mai babur, da aikin yanar ido ga tsohuwa, da sa yarinya a makaranta, duk kariya ce ga ƙwaƙwalwa.

Na uku, kuma mafi girma, mai jinya. A koya mata cewa gardama da mara lafiya ba ta da amfani. Idan ya ce an sace masa kuɗi, ciwon ne ke magana, a taya shi nema a kawar da hankalinsa. A tsayar masa da lokacin abinci da na barci, a rufe rijiya, a kulle maganin feshi, a ɗinka masa sunan unguwa a cikin aljihu, a sanar da mai unguwa da maƙwabta. A bar shi yana ɓarar gyaɗa ko tufkar igiya, domin hannu kan tuna abin da baki ya manta. Kada a ɗaure shi, kada a kulle shi a ɗaki. 'Yan'uwa kuma su raba kwanaki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan da ke birni ya sani cewa aiko da kuɗi bai sauke masa nauyi ba. Matar ƙanensa tana bukatar yini guda na hutu a mako. Limamai su bayyana wa jama'a abin da malaman fiƙihu suka daɗe da faɗa, cewa hankali sharaɗi ne na wajabcin ibada da ingancin ciniki, don a daina tsangwamar tsoho a kan raka'o'in da ya rikita, a kuma kare masa gonarsa.

Wani zai ce, ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna kashe yara, ina kuɗin kula da tsofaffi? Tambaya ce mai kyau, amma abin da na lissafa ba gini yake bukata ba. Ba na kira a gina gidajen ajiye tsofaffi irin na Turai, ba na kuma kira a sayo sabon maganin nan lekanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala 26,000 a shekara, kuma jinkirta ciwon kawai yake yi kaɗan. Horo ne, da abin awon jini, da sanarwa a rediyo. Doka ma tana nan: a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Saura aiki ya iso ƙauye.

Mu ma na jami'a akwai namu. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Libaful a Ingila sun zauna a Malumfashi suna bin ƙauyuka suna ƙidayar masu zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji, har sunan garin ya shiga mujallun likitancin duniya. Me zai hana ɗalibanmu su sake bin waɗannan ƙauyuka, wannan karon don tsofaffi, da tambayoyin gwaji na Hausa waɗanda suka dace da manomin da bai yi boko ba?

Baffa ya rayu shekara huɗu bayan wannan rana. Bai sake gane ni ba, amma har ƙarshe idan matar ɗansa ta shigo da koko yakan saki fuska, yana kiranta da sunan mahaifiyarsa. Ita da aka zarga, ita ta riƙe shi. Irinta suna da yawa daga Funtuwa zuwa Malumfashi, kuma wanda ya taimake su yau, kansa ya yi wa tanadi. Allah ya ba mu tsufa mai albarka, ya saka wa masu jinya da alheri.